Rediyon Labbo

Ranar Talata ya ɗaure tampol,
Buhu ɗari uku na albasar Aliero.
Ya ce, "Yaya, riƙe mini rediyon nan, sai Jumma'a."
Jumma'a ashirin da tara ke nan,
Labbo bai zo ba.

An gan shi a Kamba da hantsi,
Ya sayi goro, ya biya bashin mai shayi.
Gaban iyaka ta biyu, sojan wata ƙasa
Da ba ta ga-maciji da tamu
Suka ce ɗan leƙen asiri ne cikin rigar direba,
Mutumin da ko kuɗin aljihunsa
Bai taɓa iya ɓoye wa Hajo ba.

Su goma sha ɗaya ne a ɗakin.
Sau ɗaya ya kira, cikin dare, da wayar aro.
Ya ce, "Ku gaya wa hukuma muna da rai."
Na ce, "Kuna cin abinci?"
Layin bai jira amsarsa ba.

Na je Birnin Kebbi sau shida.
Akwai fanka, akwai dogon benci,
Akwai yaro mai biro a kunne.
Na ce Labbo, ya buga Lawal.
Na ce gyara, ya ce na'ura ce,
Ita ba ta san wani Labbo ba.

Aka ce an kafa kwamiti.
Ya zauna, ya sha lemo, ya tashi,
Ya haifi ƙaramin kwamiti.
Nomau mai faci ya ce, "Barka da arziki,
Amma ni ban taɓa ganin jariri
Ya buɗe ƙofar kurkuku ba."

Rediyon nan nasa shi ke faɗa mini
Gwamnati na bin lamarin sau da ƙafa.
To, sawun daga ƙofar gidanmu ya fara,
Ga shatin taya nan har ruwa ya wanke shi,
Ban ga mai bi ba.

An kira jakadansu, an nuna masa ɓacin rai.
Ko da me ake auna ɓacin ran ofis?
Namu a kwano muke ganinsa,
Tuwon Inna Tumba da ke kwana
Ba ta taɓa ba.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai dattijo guda,
Ya ja ni bayan mota, ya rage murya:
"Mutum biyu nasu ke hannunmu, su suke so.
In kun yi kururuwa farashi ya hau,
Ku bar 'yan jarida, ku yi haƙuri."
Na ga hawaye a idonsa, na yarda.
Na dawo na yi shiru wata uku,
Shirun ma bai sayo komai ba.

Ashe ƙanena ya zama canji
A cinikin da ba a yi da shi ba.

Tawaga ta zo da shinkafa buhu biyu,
Suka tsayar da Hajo da cikinta, aka ɗauki hoto.
Ta haihu a marka, mace,
Na yanka rago, na raɗa suna a madadinsa.
Har yau ina tsoron ranar da zai ce
Ba shi ya so a sa ba.

Mai kaya ya yafe albasarsa,
Ta ruɓe tun a makon farko.
Mu mun san abin da ajiya ke yi wa albasa,
Shi ya sa nake ƙirga kwanaki.
Su can masu takarda
Ba su taɓa buɗe rudu da safe ba.

Yanzu an fara yafa sabon iri a fadama.
Da magariba Inna kan jawo tabarma:
"Arzika, mi sunka ce yau?"
In ce, "Suna kan magana, Inna."
Ta ce, "To, sayo batir."