Inda Ruwa Yake Kwana

Dare ya raba a Samaru, fitila ɗaya.
Na zuba wa kwamfuta ruwan Agusta.
Ga Zariya a gabana, faɗin tafin hannu:
rufin kwano, kwalta, daɓen siminti,
kowanne na ce wa ɗigo, "Wuce, ba nan ba."
Ɗigo ya wuce, ya je ya tara 'yan'uwa.

Shuɗi ya cika Tudun Jukun,
ya gangara Kamaca, ya koma ja.
A nan ja launi ne kawai.
A ɗakin Inna Tabawa kuwa
katifa ce bisa turmi,
buhun masara ya fara tsirowa.

Kuɗin da aka ware
ba za su wuce rami bakwai ba,
ga unguwa arba'in na miƙo hannu.
Na haƙa nan, na saki ruwa.
Na cike, na haƙa can, na saki ruwa.
Sau ɗari uku na yi wa garinmu ambaliya,
ba wanda ko silifas ɗinsa ya jiƙe.

Gab da kiran assalatu lissafi ya tsaya:
kada a jira shi a kwari inda ya ƙosa,
a tare shi a tudu tun yana rarrafe.
Ramin tsakuwa da yashi,
jema a gefen hanya,
tanki ƙarƙashin indararon makaranta.

Na kai wa Baba Jatau taswirar,
shekara talatin yana yashe kwata.
A kife ya riƙe ta, bai damu ba.
Ya ɗora yatsa mai laka a kan na huɗu.
"Nan kududdufi ne da.
Nan muka koyi iyo,
nan aka ɗebi ƙasar zauren kakanki.
An cike shi da shara, an yanka shaguna.
Ruwa bai ɓata hanya ba, 'yata,
makwancinsa yake nema.

Na shida kuwa, injinki ya yi ƙarya.
Kwalbatin nan leda ta shaƙe shi tun bara waccan.
Takarda ba ta sani ba."

Na matsar da na shida.

Yau hadari ya haɗo daga wajen Galma.
An gama biyar, biyu na jiran tifa.
Taswira na cikin jakata,
tambarin yatsan nan ya bushe a kanta.
Ban goge ba.
Inna Tabawa na bakin ƙofa,
ido ɗaya a sama, ɗaya a kan katifa.