Dutsen da Muka Ƙi Fasawa

A bayan takardar siminti na zana gidan,
da guntun fensirin Ramlatu, wanda ta cinye rabinsa da haƙori.
Muna zaune a fili, gabas da Bisichi,
inda turakun wuta suka gaji da tafiya,
suka tsaya mil uku baya suna kallonmu.

Kubura ta ce, bar su su tsaya.
Shekara goma sha ɗaya a Gangare
muna biyan kuɗin duhu duk ƙarshen wata,
ba zan bi su da roƙo har ƙauye ba.

Sai na ja layi: nan ɗaki, nan ɗaki, nan madafa.
Layi na huɗu ya ci karo da dutse,
baƙi, ƙato, kamar giwa ta durƙusa,
daidai inda na so falo.
Na ce a kira masu nakiya.

Davou magini bai ce uffan ba.
Ya bari sai da rana ta faɗi,
sanyin Jos ya fara cizon kunne,
ya kama hannuna ya ɗora a jikin dutsen.
Ɗumi. Kamar tukunyar da aka sauke ɗazu.
Ya ce, ga murhun da ba ya cin itace,
yini yake yana tara rana, dare ya yi ya raba.
Kai kuwa za ka biya a fasa shi,
ka sake biya a sayo maka bargo.

Na goge falon da babban yatsa.
Dutsen ya zama bangon ɗakin Iya,
wadda gwiwarta ke sanar da mu Disamba kafin kalanda.

Sauran bangon a nan muka haƙo shi,
jar ƙasa mai danƙo, tubali dubu huɗu da 'yan kai.
Ramin da ya rage muka daɓe, muka rufe,
indararo ya koyi hanyarsa.
Ga kududdufin kuza can kwance, shuɗi, shiru,
kakana ya kwashe cikinsa da kwano a ka,
amma kyansa na ido ne, ba mu kai shi baki.
Ruwanmu daga sama zai zo, ta kan rufi.

Faifan sola shida.
Kwana bakwai Ramlatu na bin inuwar dutsen da tsinke,
tana kafa alama safe da la'asar,
kana ta ce a karkata su kudu kaɗan,
kamar mai sauraron raɗa.
Batir huɗu na rubuta, aljihu ya ce biyu.
Muka zauna muka yi wa wuta kasafi kamar naman Sallah:
fitilu biyar, ƙaramin firij na allurar Iya,
keken ɗinkin Kubura da hantsi kawai.
Dutsen guga dai na gawayi ne, ya ci gaba da mulkinsa.

Jauro Sambo na kwashe harawarmu,
mu kuma kashin shanunsa, ba ciniki, ba canji.
Mako uku tukunyar gas ba ta ba mu komai ba sai wari,
yara suka sa mata suna.
Ran Laraba ta yi tari, ta kama, shuɗiyar wuta siririya,
Kubura ta dafa gwate ba hawaye a idonta.

Har yau ɗaki na uku ba shi da ƙyaure,
shingen kerana bai wuce gwiwa ba,
ƙanƙarar Afrilu ta tsaga mana faifai ɗaya.

Amma jiya da dare na fita duba tanki,
na hango Bukuru can, tana ƙyalli kamar tsakiya a tire,
sai ɗif, ta mutu gaba ɗaya.
Na juyo. Tagarmu na nan da haskenta.
Iya ta jingina da dutsen, carbi ya zame daga hannunta,
tana barci, bargon a ninke a gefe.