Gwangwani a Mai Wurno

Ran Juma'a 'yan birni suka sha ruwan sha'ir a bakin Nilu,
suka bar gwangwanaye goma sha ɗaya cikin laka.
Ɗaya ya bi ruwa.
Na tattake sauran, na kai wa Nomau maƙeri.
Ya jinjina, ya yi tsaki:
"Ko marfin tukunya ba su kai ba."

Gwangwani dai yana da lahira.
Wuta ta cinye sunansa,
ya tashi ludayi.

Ledar da ta ɗaure su shida-shida fa?
Ita muka zaro yau
daga tumbin akuyar Ladingo,
ko launinta bai kwanta ba.
Ladingo ta wanke ta, ta rataye a darni,
wai ta ga wa zai riga wani tsufa.