Aikin Dare a Schenefeld

Ƙarfe uku da kwata. Ruwa na dukan rufi a sama,
mu kuwa muna ƙasa, ƙarƙashin makiyayar dawaki,
inda rami mai tsawon kilomita uku
ke tofo haske.

Wiebke ta tuɓe takalmi, ta naɗe ƙafa a kujera.
Torben na ɓare lemo da farce.
Ya ce, "A sake harbawa."

Zobe muke farauta:
zarra shida riƙe da hannun juna
kamar yara a filin wasa.
Hasken farko ya zungure su.
Na biyu, eksire, ya biyo sawu,
ya tarar suna sakin hannu,
ya fantsama.

Ba hoto muke samu ba, kada a ruɗe ku.
Da'ira ce cikin da'ira a kan allo,
irin wadda tsakuwa ke bari a tafki,
mu kuma daga rawar ruwan
za mu ƙiyasta siffar tsakuwar.

Ƙiftawar ido? Ai wannan zamani guda ne.
Kafin fatar ido ta sauko
zoben ya buɗe, ya miƙe, ya manta ya taɓa zama zobe.
Duk wanda hasken ya taɓa kuwa ya ƙone,
sai dai kafin ya tarwatse
ya riga ya ba da shaida.

Wajen huɗu Wiebke ta yi magana,
idonta na kan allo, ba kanmu ba:
"Bara a Lübeck, kwana tara ina gefen gadon babana.
Na fita neman shayi.
Injin ya haɗiye kuɗina, na tsaya ina bugunsa.
Minti huɗu.
Na dawo, hannunsa a buɗe."

Babu wanda ya tanka.
Famfon sanyi na ta gurnani a bayan bango.
Na so in ce wani abu, na rasa,
sai na gyara tazarar hasken biyu,
na matsar da madubi kaurin gashi.

Can layin ya motsa.
Ɗan tudu ya taso inda ɗazu shafe yake.
Ga shi nan, tsakanin riƙo da saki,
wurin da ba mai suna.

Torben ya miƙa mata ɓarin lemo.
Ta karɓa, ba ta sha ba.
Ta ce, "Koma baya kaɗan.
Ina son in ga daidai lokacin."