Cindo na Panteka

Ba wanda ya koya masa.
A Panteka ya tashi, cikin tsatsa,
yana auna ƙarafa kilo-kilo,
yatsansa na shida na lilo a gefen sikeli.

Ragowar fentin mota yake kankarowa
daga gindin gwangwanayen da aka yar,
koren bas, jan tankar mai,
ya tsinka da kananzir,
ya tauna bakin asuwaki, buroshi ya samu.

Bai taɓa zana mai mulki ba.
Takalmin Yohanna ya zana, na masaƙar Kakuri,
wanda ya shekara sha tara yana bin hanya ɗaya
har safiyar da aka garƙame ƙofa.
Dunduniyar hagu ta fi cinyewa,
haka ya bar ta a jikin falanki.
Ya zana butar da aka liƙe sau uku da dalma,
da rigar leburan reluwe, gishirin gumi a hammata.

Wani ya zo daga Malali da mota mai sanyi,
ya ce, "Nawa?"
Cindo ya ce, "Tambayi mai takalmin."
Mai takalmin kuwa damina biyu ke nan yana ƙasa.

Yanzu ido ya yi yana, hannu na rawa.
Jikarsa Talatu ke dama masa launi,
ya shinshina, ya ce, "Ƙara ja kaɗan."

Jiya matar Yohanna ta shigo cinikin murhu.
Ta ga falankin jingine da bango,
ta ajiye jaka, ta durƙusa,
ta kai hannu za ta ɗaure igiyar da ta kwance.