Baƙuwar Murya

Turo ta muka yi, ba da ƙafarta ta zo ba,
ni da yara huɗu da igiyar guga,
daga ƙofar gida har garejin Usta Arzika,
can bayan tashar Jega, gindin dogonyaro.
Landirobar Baba. Ta girme ni da damina shida.

Usta ya ɗaga bonet, ya daɗe yana leƙe
kamar mai duba majinyacin da suka yi ƙuruciya tare.
Ya lakato baƙin mai, ya murza a yatsa,
ya ga ya yi fari kamar kunun kanwa.
"Wanga ya gama aikinai," in ji shi. "A bar shi shi huta."

Na sayar da albasa buhu goma sha tara
tun ba ta yi tsada ba, raina yana suya.
Sabon ya iso ta Kamba, ɗan Kwatano,
naɗe da buhu, yana warin teku da tsatsa,
da rubutu a gefensa da ba mai iya karantawa.
Injin gas. Ba fulogi, ba kafireto,
sai bututu huɗu siraru kamar jijiyar hannun tsoho.

Da sarƙa aka ciro tsohon.
Ya yi lilo a sama, yana ɗigar mai a ƙasa,
na kau da kai.
Ramin da ya bari, da ɗan akuya zai kwana a ciki.

Baƙo bai san wurin zama ba.
Kujerarsa ta ƙi, giyabos ya ƙi gaisawa da shi,
lagireto ya ce an matse shi.
Kwana tara ana yanka ƙarfe ana walda.
Labbo, ɗan koyo, ya kwana biyu idonsa na hawaye
don ya ƙi jin magana ya kalli wuta.
Noti guda ya faɗa rairayi, muka neme shi har la'asar,
ashe yana aljihun Usta, tare da goro.

Ranar tayarwa batir biyu muka haɗa.
Ya yi tari, ya yi shiru.
"Iska ta," in ji Usta. Ya sassauta nozul,
Labbo na famfo, kumfa na fita,
kumfa, kumfa, sai gas ya tsarto.
Aka sake murza makulli.
Salansa ta yi aman hayaƙi, kaji suka watse,
ga wata murya, kakkaura, mai ƙwanƙwasa,
kamar mata uku a kan turmi ɗaya.

Na kai ta fadama, inda gulbi ya janye ya bar laka,
wurin da ta saba durƙusawa tana roƙon samari.
Na ja ƙaramar giya. Ƙafa huɗu suka kama ƙasa.
Ba ta yi gudu ba, ba ta yi kuka ba,
ta dai taka, kamar sā da ya san garma.

Da magariba na tsaya a ƙofar gida.
Shekara talatin, tun motar na kwanar masallaci
Inna Tumba ke gane ta, ta ɗora ruwan zafi.
Yau ba ta motsa daga tabarma ba.
Na ji tana cewa jikarta,
"Leƙa ki gani, baƙi mun ka yi."

Na kashe inji. Na tura ƙofar direba.
Ƙofar ta yi ƙarar nan tata, doguwa, mai karyewa a ƙarshe,
wadda Usta ya so ya ɗiga wa mai, na hana.

Cikin gida aka yi shiru.
Sai na ji ƙarar murfin tukunya.