Ƙugiya

Shagona taku huɗu ne a Aboabo,
tsakanin mai koko da mai ɗinkin takalma.
Fanka ɗaya, firinta mai tari,
da kwamfutar da ta gama tsufa a ofishin wasu
kafin jirgin ruwa ya sauke ta a Tema.

Ranar Laraba Baba Tahiru ya shigo, sanda na gaba,
zai aika wa jikan wansa takarda can Bichi.
Na ce, Baba, ga waya, yi masa saƙon murya.
Ya ce murya iska ce, buga mini.

Na danna ƙa,
sai ga wani abu kamar o da ɓera ya gutsuri gefensa.
Na danna ɗa,
sai ga uku ta juya mini baya.
Na goge, na sake, suka dawo
kamar masu bin bashi.

Na ɓamɓare madannin da tsinken sakace.
Ɓurɓushin ƙosai, gawar tururuwa biyu,
silin gashin da ba nawa ba.
Na hura, na mayar, na yi bisimilla.
Ukun nan dai tana nan, ta ƙi juyowa.

To, sai na yi wayo irin na mai shago:
ka a gurbin ƙa, da a gurbin ɗa.
Wa zai gane? A zangon nan haka muke furtawa,
tun ina goye haka na ji.
Firinta ta yi tarinta, na miƙa.

Ya ɗaga tabarau, ya bi layi da farce.
“Zumunci bai kare ba. Wane kare, Fuseini?
Mun zo baki. Bakin wa?”
Ya yi dariya har sandar ta faɗi.
Sannan ya ce:
“Kakana ya taho da jakuna goma sha ɗaya neman goro.
Tsakanin Salaga da Kumasi ƙugiyar ta zame daga harshenmu,
ba wanda ya tsaya tsinta, dare na yi.
Baki ya yar, na yafe wa baki.
Kada takarda ta yar.
Yaron can zai karanta a gaban mutane.”

Mumuni ne ya leƙo neman canjin sidi ashirin,
ɗan shekara sha huɗu, mai tsaron rumfar tura kuɗi.
Bai taɓa ko madanni ɗaya ba.
Ya nuna can ƙasa, kusa da agogo,
haruffa uku ƙanana kamar ƙwayar gero.
“Ba ta lalace ba, Yaya. Yare ta canza.”

Sai na tuna Anti Pokuaa.
Jiya ta zauna nan har aka kira magariba,
tana buga sanarwar makokin surukinta da harshen Asante,
tana share ido da bakin zane.
Ta tafi da takardunta,
ta bar mini harshenta kwance a ƙarƙashin yatsuna.

Yatsa biyu Mumuni ya sa, sau ɗaya.
Ƙa ta fito da ’yar lanƙwasarta
kamar tsohuwa ta ɗaga hannu daga nesa.
Baƙi suka koma baƙi,
karen ya fita daga zumunci.

Mumuni ya ce in goge wancan yaren, in huta.
Na ce bar shi.
Ran Litinin za ta dawo buga godiya ga waɗanda suka zo makoki.

Baba ya biya sidi biyar, ya ninke takardar gida huɗu
ya sa cikin hula.
Da na zo rufe shago na ji kaina ina gwadawa,
ƙa, ƙa, ƙasa,
har mai koko ta ɗago daga tukunya
ta ce ko ƙayar kifi ce ta maƙale mini.